Idan maigida ya ce ba zai iya riƙe ka bayan Sallah ba

Ɗana, ka tambaye ni yadda za ka yi idan mai shagon da ka kama aiki ya rage teloli bayan Sallah, ko ya rufe shagon ɗungurungum. Gara da ka yi tambayar tun azumi bai kama ba, domin tela yana shirin zaman banza ne a lokacin da kaya suka yi tsibi a kan tebur.

Ka san yadda shekararmu take tafiya. Daga Sha'aban zuwa jajibirin Ƙaramar Sallah ba barci, bayan wata biyu da 'yan kwanaki Babbar Sallah ta zo, daga nan kasuwa ta kwanta sai ɗinkin yunifom idan makarantu za su koma a Satumba, da na biki bayan kaka. Saboda haka duk abin da ya shigo hannunka a ɗinkin Sallah ka kasa shi uku: na gida, na kayan aiki, na ajiya. Kada ka taɓa na ajiyar sai ya kai kuɗin abinci da haya na wata uku. Idan adashi za ka shiga, ka roƙi uwar adashi ta sa kwasarka ta faɗo bayan Babbar Sallah, kuma zubin ya zama wanda za ka iya ko a satin da wando biyu kacal ka ɗinka. Masu ɗaukar zubi mai nauyi da zafin kuɗin azumi su ne ke karyewa a Muharram.

Kason kayan aiki kuwa keke za ka saya da shi kafin komai, kuma keken ƙafa, Butterfly ko Singer, ko da wanda aka yi amfani da shi ne. Ba ruwansa da wuta, ba ruwansa da fetur, a zaure ma sai ka kafa shi. Kada ka biya sai ka hau shi da kanka. Tafi da ƙyalle iri biyu, shadda da ka ninka huɗu da yadi mara kauri. Ɗinka layi mai tsawo a kowanne, ka juya bayan ka duba. Idan zare ya yi tuƙu-tuƙu a ƙasa, yawanci saiti ne, ana gyarawa. Idan yana tsallake ɗinki bayan ka sa sabuwar allura, to matsalar tana wajen kwarkwaro, sai mai gyara ya gani kafin a yi ciniki. Shafa haƙoran da ke jan yadi da yatsa. In sun cinye, yadi zai riƙa zamewa. Bayan keke sai almakashi mai kyau da ba ya yanka komai sai yadi, tef, alli, dutsen guga na gawayi, da allura lamba 14, 16 da 18. Duk tsanani kada ka sayar da keken nan. Ko waya ce ka rabu da ita, keken zai mayar maka.

Shago ba ya mutuwa dare ɗaya. Biyan ƙarshen mako zai fara zama "sai Litinin". Za ka ga an karɓi kafin alƙalami amma babu kuɗin zare da shafi. Janareta ya daina tashi, abin da ya yawaita tun cire tallafin mai a 2023. Mai haya ya fara sintiri. Ka ga biyu daga cikin waɗannan, ka fara gaisawa da masu shaguna a Fagge da masu ba da ɗinkin dozin a Kantin Kwari, ka nuna musu riga ɗaya da ka gama da hannunka.

Idan kamfanin ɗinki ne mai biyan albashi, dokar ƙwadago ta Najeriya, sashe na 11, ta ce a ba ka sanarwar mako ɗaya in ka wuce wata uku ba ka kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa biyar, wata guda daga biyar zuwa sama, ko a biya ka kuɗin kwanakin. A shagon da ake raba kuɗin ɗinki kuwa, littafinka ne shaidarka: rubuta kowane kaya, ranar da ka gama da kasonka, maigida ya gani duk mako.

Ranar tafiya ka gama duk abin da ka yanka, ka miƙa ragowar yadin mutane, ku yi lissafi a gaban mutum na uku. Littafin awon shago na maigida ne, kada ka kwafi lambar kowa a ɓoye. Wanda ka kawo da kanka, ko ya neme ka daga baya, wannan rabonka ne. Teloli sun san juna, kuma shagon da za ka je gobe sai ya tambayi na jiya.

Makon farko kada ka zauna jiran babbar riga. Sa zif, rage wando, gyaran gwanjo, faci, duk karɓa, ka faɗi ranar da za ka iya cikawa, kuɗin gyara kuma a biya nan take.