Surukata ta ce nonona ya tsinke

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ina zaune a Azare ta jihar Bauchi, kuma jaririyata tana da wata biyu da 'yan kwanaki. Surukata, wadda take tare da ni tun ranar suna, ta sa na tatsa nono a cikin kofi, da ta ga ya yi ruwa-ruwa sai ta ce ya tsinke, wai shi ya sa yarinyar take yawan kuka. Yanzu safe da yamma tana dama mini kunun kanwa, kuma tana so a fara ba yarinyar ruwa saboda zafin gari. Ni kuma ina fama da jiri da kasala, gashina ma yana zuba. Shin rashin abinci mai kyau ne ya ɓata mini nono? Daga Maman Hanifa.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya raya Hanifa, ya ƙara miki lafiya. Ki kwantar da hankalinki, nononki bai lalace ba. Abin da Inna ta gani a kofi shi ne nonon da yake fara fitowa, wanda dama haka Allah ya yi shi don ya kashe wa jariri ƙishirwa, sannan maiƙo yana ƙaruwa a hankali yayin da yaro yake ci gaba da tsotso. Saboda haka ki riƙa barin ta ta sha gefe ɗaya har sai ta sake shi da kanta kafin ki mayar da ita ɗaya gefen. Kusan kashi 87 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne, don haka ko a tsakiyar bazarar Katagum ba ta bukatar wani ruwa. Wanda za a ɗura mata zai cika mata ɗan cikinta ta rage tsotso, kuma yana iya jawo mata gudawa. Idan tsotso ya ragu kuwa, nonon kansa raguwa yake yi, domin yawan shan yaro ne yake sa jiki ya ƙara samar da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar nono zalla har wata 6, sannan a haɗa da abinci a ci gaba har shekara 2, adadin da muka sani tun daga aya ta 233 a Suratul Baƙara.

Ke ce kika fi damuna a cikin wannan wasiƙa. Jikin mai shayarwa yana fifita jariri a kan kansa: idan abinci ya gaza, sai ya ɗebo daga ajiyar uwa, har sinadarin kalsiyam daga ƙasusuwanta, ya zuba a cikin nono. Shi ya sa za ki ga jariri ɓul-ɓul a bayan uwar da wuyanta ya rame, wadda sai ta sallami kowa a gida sannan ta zauna da ƙanzon tukunya. Jirin da kike ji yana iya zama ƙarancin jini, musamman idan kin zubar da jini da yawa wajen haihuwa ko kin yi zazzaɓin cizon sauro, don haka ki je asibiti a auna jininki cikin wannan makon. Zubar gashi kuwa takan faru ga mata da yawa 'yan watanni bayan haihuwa, kuma takan tsaya da kanta.

Duk da haka, akwai sinadaran da yawansu a cikin nono yake bin abin da uwa ta ci kai tsaye, kuma su ne suka shafi girman yaro. Aidin, wanda ƙwaƙwalwar jariri take bukata ƙwarai, ana samun sa a gishirin leda da aka ƙara wa shi da kuma kifi. Bitamin A, mai kare ido da ƙarfafa garkuwar jiki, yana cikin manja, hanta, karas, kabewa, zogale da alayyahu. Bitamin B12 kuwa sai a abincin da ya fito daga dabba, kamar ƙwai, nama, kifi da nonon shanu, kuma rashinsa yana sa jariri ya yi laushi, ya makara wajen zama da rarrafe. Mai shayarwa tana bukatar ƙarin kimanin kalori 500 a rana, wato kusan ƙarin kwano ɗaya na abinci. Ba sai an kashe dukiya ba: ƙwai ɗaya, faten wake da manja, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, fura da kindirmo, busasshen kifi a miyar kuka. Wannan magana ce da ya kamata ta isa kunnen maigida, tunda shi ne mai cefane.

Batun kunun kanwa ne nake so ki ɗauka da muhimmanci. Kanwa cike take da sinadarin sodiyam irin na gishiri, wanda yake sa jiki ya riƙe ruwa, zuciya ta wahala wajen harba jini. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego, suka kuma danganta shi da shan kanwa da tsananin zafin wankan jego. Inna ba ta nufin ki da sharri, abin da aka yi mata ne take yi miki cikin ƙauna, don haka kada ki yi jayayya da ita. Ki roƙe ta ta raka ki awo ranar da za a kai Hanifa rigakafi, ta ga nauyin jikarta a kan sikeli, ta ji bayani daga bakin ma'aikaciyar jinya, sannan ki nemi ta mayar da kunun ya zama na gyada ko na tsamiya ba tare da kanwa ba.

Idan yarinyar tana fitsari sau 6 ko fiye a rana kuma nauyinta yana hawa, to tana ƙoshi, kukanta na iya zama na zafi ko iska a ciki. Amma idan kika ga ƙafafunki sun kumbura, kina haki daga ɗan motsi, ko numfashi yana yi miki wuya idan kin kwanta rigingine, kada ki jira ranar awo, ki tafi asibiti a ranar.