Launin mai a kan kwalta da kumfar sabulu: me za a saya, me za a bari?

Wani matashi daga Zariya ya rubuto cewa idan an ɗauke ruwan sama yakan ga launuka kamar bakan gizo a kan kwalta kusa da garejin makanikai, amma duk hoton da ya ɗauka sai ya fito a koɗe. Ko ya sayar da wayarsa ya nemi babbar kyamara?

Kada ka sayar, ɗana. Abin da kake gani mai ne da ya bazu a kan ruwa, kaurinsa bai wuce kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. Haske yana dawowa daga saman man, wani daga ƙasansa, in suka haɗu sai wasu launuka su ƙaru, wasu su kashe juna. Shi ya sa launin ke sauyawa da inda ka tsaya. Ka zagaya, ka durƙusa, ka nemi inda farin gajimare ke haskawa a ruwan, ka taɓa allon wayar a wurin, ka rage haske kaɗan, ka kashe filasha. Kuma kada in ji ka tsiyaya baƙin mai a kwata ko kududdufi don neman hoto. Dabbobi na shan ruwan nan.

Wata ɗaliba daga Maraɗi ta ce an ba ta aikin makaranta a kan kumfar sabulu, kumfar tana fashewa kafin ta danna, kuma ba ta da kuɗin sayen kaya.

Kwantar da hankalinki, 'yata, kusan komai yana ɗakin girkinku. Ki haɗa sabulun ruwa na wanke-wanke da ruwa, ki ɗiga gilisarin kaɗan daga kemis, ko sukari in babu, don kumfar ta daɗe. Ki tsoma bakin baƙin kofin shan ruwa a ciki har kumfa ta rufe bakin, ki kwantar da shi ta gefe kusa da taga, ki rufe ƙofa saboda iska. Za ki ga launuka sun jeru layi-layi yayin da ruwan ke gangarowa. Daf da fashewa saman zai yi baƙi, domin ya sirance har hasken biyu sun kashe juna gaba ɗaya. Isaac Newton ya bayyana wannan baƙin tun a 1704. Ki jingina wayar da littattafai, ki ɗauki bidiyo, daga baya ki zaɓi hoton da ya fi kyau.

Wani kuma yana son kai wayarsa gyara don yana ganin layuka masu lanƙwasa idan ya ɗauki talabijin ko gidan sauro. Malam, wayarka lafiya lau. Raga ce ta hau kan raga: ta gidan sauron da ta idon kyamarar. Ka ja baya ko ka karkata. In kuma kana son layukan, ninka gidan sauron biyu ka sa shi gaban haske.

Sai mai tambaya daga Kano a kan gilashin rage ƙyalli da ake maƙala wa waya, da memori mai 256GB da aka yi masa tayi da araha.

Nan ne raina ke ɓaci. Aikin gilashin nan shi ne cire ƙyallin da ke kan ruwa, launin mai kuwa a cikin ƙyallin yake. Ka juya shi ba daidai ba, ka share abin da ka fito nema da kuɗinka. Ga shi da yawa a kasuwa roba ce kawai mai duhu. Gwajin ba wuya: ka leƙa allon kwamfutar tafi-da-gidanka ta cikinsa kana juya shi a hankali, ka gwada ta fuskokinsa biyu. Na gaskiya zai sa allon ya yi duhu sosai a wani wuri. In bai sauya ba, ajiye masa kayansa.

Memori ya fi ban takaici. Akwai katin da aka yi wa dabara yana nuna 256GB alhali cikinsa bai taka kara ya karya ba. Zai karɓi hotuna kamar abin kirki, sai ranar da ka buɗe ka tarar sun lalace, har da na bikin ƙanwarka. Kowa ya san farashin na ainihi, amma da an ce rabin kuɗi sai hankali ya gushe, a zaro kuɗi ba tambaya, ba rasit. Ka sayi 32GB ko 64GB a shagon da za ka iya komawa gobe, ka yi sharaɗin mayarwa tun kafin ka biya, sannan ka gwada shi da manhajar H2testw a kwamfuta. Tana cika katin ta karanta shi daga farko har ƙarshe. Gwajin yana ɗaukar lokaci, amma kada ka sa wa katin hoto ko ɗaya sai ta gama.