Kafin ka ɗora wa unguwa laifi

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa na dawo maka da rahotonka, alhali ka ƙirga matasan da aka kama a kowace unguwa ta Gusau ba tare da kuskure ba. Ƙirgar ba ta da aibi, hukuncin da ka yanke a kanta, cewa unguwa ce ke jefa matasa cikin laifi, shi ne ban amince da shi ba.

Rajistar 'yan sanda takan nuna inda aka kama yaro ne, kuma wanda aka cafke a tasha ko bakin kasuwa sau da yawa ba a nan yake kwana ba. Adadin ma sai an auna shi da yawan matasan unguwar, ga shi ƙidayar jama'a ta ƙarshe tun 2006 aka yi ta, kafin 'yan bindiga su koro mutanen ƙauyuka zuwa cikin gari.

Inda aikin yake da wuya shi ne rarrabe abin da gida ya haifar da abin da unguwa ta haifar. Yara biyu da ke ɗibar ruwa a famfo ɗaya, suke zama a majalisa ɗaya bayan isha'i, ba za a lissafa su kamar ba su san juna ba, shi ya sa muke yin lissafi mai hawa biyu: a hawan farko yaro da gidansu, wato shekarunsa da karatunsa da sana'ar mahaifinsa, a na biyu kuma unguwar kanta. Bambancin da ya saura bayan an cire na gida, shi kaɗai za a tuhumi unguwa da shi. Ta wannan hanyar Sampson, wani masanin zamantakewa, da abokan aikinsa suka auna unguwanni 343 na birnin Shikago a Amurka, suka bayyana a 1997 cewa inda maƙwabta suka yarda da juna har suke tsawata wa ɗan wani, tashin hankali ya fi ƙaranci. Iyayenmu dai sun daɗe suna cewa ɗa na kowa ne, su Sampson kuwa sun sa masa ma'auni.

Duk da haka ka tuna cewa kuɗin haya ne ke zaɓa wa mutum unguwa, don haka talaucin da ya kai iyali can yana iya zama shi ne ya jefa yaron cikin laifi. A Amurka sai da aka yi ƙuri'a a birane biyar daga 1994 domin sauya wa wasu iyalai mazauni, saboda a warware wannan ƙullin. Mu ba mu da wannan halin, don haka ka koma ka ƙara tambaya biyu a takardarka: inda yaron yake kwana, da shekarar da iyayensa suka tare a unguwar.