Amsa ga mai neman tallafin karatun ƙaninta a Jami'ar Jihar Kaduna (KASU)

'Yar'uwa, Allah ya jiƙan mahaifinku. Kin ce ƙaninki ya samu gurbi a KASU amma babu kuɗin rajista, kina tambaya ko akwai tallafi ga marasa ƙarfi. Akwai, kada ya bar gurbin nan.

Ya fara da NELFUND, asusun ba ɗalibai bashin karatu na gwamnatin tarayya. Bashi ne, amma babu ruwa a kansa. Dokar bashin ta 2023 ta ce sai wanda kuɗin shigar gidansu bai kai naira 500,000 a shekara ba, kuma sai da masu tsaya masa. Dokar 2024 ta cire waɗannan sharuɗɗa. Kuɗin makaranta kai tsaye ake tura wa jami'a, shi kuma a ba shi naira 20,000 duk wata. Biya sai shekara 2 bayan bautar ƙasa. Ya tanadi lambar JAMB da NIN da BVN, kuma sunansa ya zo iri ɗaya a cikinsu, domin ko harafi ɗaya ya saɓa sai ya riƙe masa aiki.

Idan ɗan jihar Kaduna ne, ya karɓi takardar shaidar ƙaramar hukuma ya nemi na Hukumar Tallafin Karatu ta Jihar Kaduna. Wannan kan ɗauki lokaci, kada ku jingina rajista da shi. Don Allah kada ku ba kowa ko kwabo da sunan zai sa shi a jerin sunaye.