Amsa ga mai tambaya kan injin haɗa wasan waya: Unity, Godot ko Unreal?

Assalamu alaikum, 'yan'uwa na wannan zaure. Na saurari tambayar da ƙaninmu ya aiko, inda yake cewa shi da abokinsa suna son haɗa wasa mai zanen 2D wanda zai yi aiki a kan Android da iPhone gaba ɗaya, ba tare da sun rubuta shi sau biyu ba, amma sun rasa injin da za su ɗauka, wato manhajar da ake gina wasa da ita, tsakanin Unity da Unreal da Godot. Yawancin amsoshin da aka ba shi sun karkata ne ga injin da ya fi fitar da hoto mai ƙayatarwa, ni kuwa a ganina ba nan gizo ke saƙa ba. Shi ya sa na zaɓi in yi bayanin da baki, ku yi mini haƙuri domin zai ɗan yi tsawo.

Ƙanina, dukkan injinan nan uku suna iya fitar da wasa zuwa wayoyin biyu, saboda haka wannan ba ya raba gardama. Abin da ke raba ta shi ne yadda wasanka zai gudana a kan waya mafi rauni da kake son mutane su buga shi da ita, da kuma irin wahalar da za ka sha bayan ka gama haɗa shi, wato lokacin da za ka sa talla, ka sa hanyar sayayya a cikinsa, ka kuma riƙa sabunta shi duk shekara domin kada shagunan manhaja su ɓoye shi.

Waya ba kwamfuta ba ce. Yawancin wayoyi ba su da fanka, don haka idan wasa ya matsa wa na'urar sarrafa hoto, wayar takan yi zafi, sai ta rage wa kanta gudu domin kada ta lalace. Wannan ne dalilin da ya sa wasa zai tafi sumul a mintuna biyar na farko, sannan ya fara sarƙewa bayan kwata ɗin awa. Idan kana son hotuna 60 a kowace daƙiƙa, to kowane hoto yana da wajen kashi 16 cikin dubu na daƙiƙa ne kacal, kuma a cikin wannan ɗan lokaci dole a gama lissafin motsi da sauti da zane. A ɓangaren iPhone nau'o'in wayoyin ba su da yawa, amma a Android akwai dubbai, wasu da na'urar sarrafa hoto ta Adreno ta kamfanin Qualcomm, wasu da Mali na kamfanin Arm, wasu da PowerVR, kuma abin da ya fito daidai a wannan yana iya fitowa baƙi ƙirin a waccan. Ga kuma nauyin fayil: mai ƙarancin data ko ƙarancin wurin ajiya yakan duba girman wasa kafin ya sauke shi, kuma da yawa daga nan suke juyawa.

Da wannan ma'auni, zan fara cire Unreal daga lissafinka, ba don raini ba. Injin kamfanin Epic Games ne, da shi aka yi Fortnite da PUBG Mobile, kuma sharaɗinsa na kuɗi mai sauƙi ne, kashi 5 cikin ɗari bayan wasa ya tara dala miliyan ɗaya. Sai dai abubuwan da ake yaba Unreal 5 da su tun fitowarsa a 2022, irin su Nanite da Lumen, fasahohin inganta zanen 3D da haske, an gina su ne da manyan kwamfutoci da na'urorin wasa na gida a zuciya. Fayil ɗin da yake fitarwa yana da nauyi, yana buƙatar kwamfuta mai ƙarfi kafin ma ka buɗe shi, kuma kayan aikinsa na 2D ba su ne kamfanin ya fi ba kulawa ba. Mutum biyu masu ƙaramin wasa za su ƙare ne suna kashe abubuwan da ba sa buƙata.

Unity kuwa shi ne ya fi kowane daɗewa da riƙe kasuwar wasan waya. Ya fito a 2005, ana rubuta masa umarni da harshen C#, kuma da shi aka haɗa Pokémon GO da Among Us da Genshin Impact, wanda hakan ke nuna yana ɗaukar ƙaramin aiki da babba. Amma ƙarfinsa na gaskiya yana wani wuri da masu farawa ba su cika lura da shi ba. Kusan duk kamfanin da ke samar da talla ko ƙididdigar masu wasa ko hanyar biyan kuɗi yakan fara fitar da kayan haɗinsa ga Unity ne, da hannunsa, kuma shi ke gyara shi idan ya lalace. AdMob mai talla da Firebase mai ƙididdiga da ajiyar bayanai, na Google, duka suna da nasu na Unity a hukumance. Idan kuma ka ci karo da wata matsala da tsakar dare, da wuya a ce ba a taɓa samun wanda ya riga ka faɗa mata ya rubuta mafita a intanet ba. Ga wanda yake son wasansa ya kawo kuɗi ta hanyar talla, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

To, ina matsalar? Matsalar ita ce ba kai ke da injin ba, kuma mai shi yana iya sauya sharaɗi. A watan Satumba na 2023 kamfanin ya sanar da cewa zai fara karɓar kuɗi a kan kowane saukewa, har zuwa santi 20 na dala, ga wasannin da suka haye wani mataki na kuɗin shiga da yawan masu saukewa. Wannan ya fi tsorata masu wasannin waya na kyauta, domin su miliyoyin mutane ke sauke wasansu amma abin da suke samu daga kowane mutum ɗan kaɗan ne. Aka yi ca a kansu, suka sassauta cikin 'yan kwanaki, shugaban kamfanin John Riccitiello ya sauka a watan Oktoba, sannan a Satumba na 2024 aka soke tsarin baki ɗaya. A yanzu sigar kyauta tana aiki har sai kuɗin shigarka ya kai dala 200,000 a shekara, abin da yawancinmu ba mu kusa da shi ba. Ban kawo wannan labari don in tsorata ka ba, na kawo shi ne domin ka san cewa lasisi ɓangare ne na zaɓin, kuma ya kamata ka karanta shi da idonka. Kamfanin Mega Crit, masu Slay the Spire, a wannan rikicin ne suka kwashe sabon wasansu daga Unity suka koma Godot.

Shi Godot, wasu 'yan ƙasar Ajantina biyu ne suka fara shi, Juan Linietsky da Ariel Manzur, suka buɗe shi ga kowa a 2014 ƙarƙashin lasisin MIT. Ma'anar haka ita ce babu kaso, babu kuɗin shekara, kuma sigar da ke hannunka babu wanda zai iya ƙwace maka ita ko ya sauya mata sharaɗi daga baya. Injin ba shi da nauyi, yana buɗewa a tsohuwar kwamfuta, har ma akwai sigarsa da ake aiki da ita a kan wayar Android. Harshensa GDScript yana kama da Python, yana da sauƙin koyo, kuma tsarinsa na 2D an gina shi ne daban, ba raɓa shi aka yi a jikin na 3D ba. Ga irin wasan da ka bayyana, aiki da shi yana da daɗi ƙwarai.

Sai dai in gaya maka gaskiya, inda Unity ya fi ƙarfi a nan ne Godot ya fi rauni. Akwai kayan haɗi na sayayya ta Google Play, amma da yawa daga na talla da makamantansu masu sa kai ne ke kula da su, kuma idan aka fitar da sabuwar sigar injin wani lokaci sai ka jira su, ko ka zage damtse ka gyara da kanka. Haka kuma idan C# ka iya, ka sani cewa fitar da shi zuwa waya a Godot 4 ya zo ne daga baya, a siga ta 4.2 a ƙarshen 2023, kuma a matsayin gwaji ya zo, don haka GDScript ya fi zama lafiya. Wani abu kuma da ke kayar da masu farawa shi ne zaɓen hanyar zane tun ranar farko. Godot 4 yana da guda uku, kuma idan kana son tsofaffin wayoyi masu araha su ɗauki wasanka, wadda ake kira Compatibility, mai aiki da OpenGL ES 3.0, ita ce ta fi aminci.

Akwai wasu da ba ka ambata ba. Defold kyauta ne, ana rubuta shi da Lua, ya taɓa zama a hannun kamfanin King kafin a miƙa shi ga wata gidauniya a 2020, kuma a wajen ƙanƙantar fayil da wuya a samu kamarsa, domin wasan da babu komai a cikinsa 'yan megabait ne kawai. Jama'arsa ba su da yawa, amma domin waya da burauza aka yi shi, kuma ina ganin ana raina shi fiye da kima. GameMaker ma yana nan, mai sauƙin farawa, kuma tun ƙarshen 2023 lasisinsa na kasuwanci biya ɗaya ne na wajen dala 100. Cocos Creator ya fi tashe a China.

Yanzu ga abin da babu injin da zai ɗauke maka. Domin ka sa wasa a App Store kana buƙatar Xcode, manhajar Apple ta haɗa manhajojin iPhone, shi kuwa a kan Mac kawai yake aiki, sai dai ka yi hayar Mac ta intanet, sannan ga dala 99 duk shekara na rajistar Apple. Google Play dala 25 ne sau ɗaya, amma tun Agusta 2021 sababbin manhajoji sai a tsarin fayil da ake kira AAB ake karɓarsu, kuma sabon asusun mutum ɗaya sai ya yi gwajin sirri da wasu adadin mutane na tsawon kwana 14 kafin a bar shi ya saki wasa ga jama'a. Bugu da ƙari, duk shekara Google na ɗaga sigar Android da dole manhaja ta dace da ita, Apple ma yana ɗaga ta Xcode. Wannan na nufin injin da aka daina kula da shi zai bar ka a hanya ko da wasanka lafiya lau yake, saboda haka ka duba yaushe aka yi masa sabuntawa ta ƙarshe, da kuma yadda yake saurin bin waɗannan sauye-sauye.

Shawarata ita ce kada ka yanke hukunci da maganata ko ta wani, gani ya kori ji. Ku ware mako guda, ku haɗa ɗan ƙaramin abu ɗaya a Unity da Godot: allo ɗaya, ɗan wasa mai motsi idan an taɓa, abubuwa kamar ɗari biyu suna yawo, sauti, talla ta gwaji, da maɓallin saye na gwaji. Kada ku tsaya a kwamfuta, ku tura shi kan waya mafi rauni da za ku iya samu, ku bar shi yana gudana na rabin awa, ku taɓa bayan wayar ku ji zafinta, ku duba batir, ku duba girman fayil, ku kira wayar ana tsakiyar wasa ku ga ko zai dawo daidai. Ku fara da tallar da sayayyar kafin komai, domin su ne mutane ke barin wa ƙarshe, kuma su ne suka fi cin lokaci.

Idan ka tilasta mini in zaɓa, zan ce matuƙar talla ce hanyar kuɗinku, ko kuna fatan neman aiki a wani kamfanin wasa nan gaba, ku ɗauki Unity. Idan kuwa wasan na sayarwa ne sau ɗaya, ko kwamfutocinku ba su da ƙarfi, Godot ya ishe ku, kuma ni shi zan ɗauka ga wasan 2D na mutum biyu. Duk wanda kuka ɗauka, ku tsaya a kan siga ɗaya ku da abokin naka, a Unity ku nemi mai alamar LTS, wato wadda kamfanin ke daɗewa yana kula da ita, ku ajiye aikin a Git, manhajar da ke adana tarihin duk sauyin da kuka yi, tun ranar farko, kuma kada ku sabunta injin ana saura 'yan kwanaki ku saki wasa. Idan kun yi gwajin, ka turo mana sunan wayar da girman fayilolin biyu a nan zaure, sai mu duba tare. Wassalam.