Amsa Kan Sabunta Kwamfuta Mai X99

Malam, ka tambaya ko za ka iya maye gurbin furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) i7-5820K ɗinka ba tare da sauya babban allon kwamfutar (motherboard) na X99 ba. Za ka iya, domin soket ɗin allon (gurbin da ake saka furosesa), wato LGA 2011-3, yana karɓar furosesa i7-6950X mai ƙwayoyi 10 da ya fito a 2016, muddin ka sabunta BIOS (manhajar da ke tada allon) tukuna. Furosesa Xeon E5 v4 na hannu, wanda shi ma yake shiga wannan soket, ya fi araha, sai dai saurinsa a wasanni bai taka kara ya karya ba. Abin da ya fi damuna shi ne Windows 11 ba ta amince da waɗannan na'urori a hukumance ba, alhali tallafin Windows 10 ya ƙare a Oktoban 2025. Da ni ne, da na koma sabon allo mai soket ɗin AM4 na furosesan kamfanin AMD, tunda memorin (RAM) DDR4 ɗinka zai ci gaba da aiki a can.