Zafin ƙafar da aka yanke gaskiya ne, kuma yana da likitansa

Ƙanwata, na ga tambayarki. Kin ce an yanke wa maigidanki ƙafa bayan haɗarin babur, rauni ya warke sarai, amma yana kwana yana kuka da zafin yatsun da babu su. Dangi suna cewa iska ce ko ya fara taɓuwa, shi kuma ya soma aikawa kemis ana sayo masa tramol, kina neman wanda ya taɓa ganin irin wannan. To ga ni. Tawa ta hagu ce, daga ƙasan gwiwa, a hanyar Zariya. Wallahi ba ƙarya yake yi ba, kuma hankalinsa ƙalau yake. Mafi yawan waɗanda aka yanke wa hannu ko ƙafa suna jin wannan zafin, kawai dai mutane suna ɓoyewa don gudun a ce sun zare.

Ni abin da ya fi yankan ƙafar ciwo shi ne abin da aka yi mini a wani ƙaramin asibiti da ba zan kama sunansa ba. Dare ne, sanyin hunturu ya sauko, tafin ƙafar da aka riga aka binne yana ci da wuta, babban yatsan yana murɗewa. Na ciji bargo har haƙorina ya yi jini. Ƙanena ya ɗauko Keke ya kai ni, uwargida tana biye da goyo. Wanda muka tarar a bakin aiki ya kwance bandeji, ya dubi dungulmin, ya ce ai wannan ya warke. Na ce masa yatsuna ne. Sai ya yi dariya, ya waiwaya wurin nas ya ce, a gaban matata da ƙanena, “Irin su ne, allura ya zo nema. Alhaji, ina yatsun suke?” Ni da ko sigari ban taɓa sa wa a bakina ba. Ni da nake jan sallah a masallacin layinmu idan liman ba ya nan. Ya rubuta farasitamol ya miƙo ba tare da ya sake kallona ba, ya ce in je in yi haƙuri. A hanyar komawa babu wanda ya ce uffan. Daga wannan daren ƙanena ya riƙa leƙa ƙarƙashin matashina idan ya shigo gaishe ni, yana zaton ban lura ba. Har gobe idan na tuna dariyar nan sai ƙirjina ya yi nauyi. Na yi ta ƙoƙarin yafe masa, ban kai ba tukuna. Mutum ya zo maka yana rarrafe, ko ba ka da magani ai kana da baki mai daɗi.

Wanda ya fara yarda da ni likitan allurar barci ne, irin waɗanda ke kwantar da mutum a ɗakin tiyata. Da yawanmu mun ɗauka aikinsu ya ƙare da zarar ka farka, alhali su ne suka fi kowa sanin hanyoyin da zafi ke bi a jiki. Ya zaunar da ni ya ce in kwatanta masa: ƙuna ce, suka ce, ko fizga? Daga sifili zuwa 10, nawa zan ba shi? Da wane lokaci ya fi tashi? Ban san sanda hawaye ya zubo mini ba, don babu wanda ya taɓa tambayata. Ya ce jijiyar da aka datse kamar wayar lantarki ce da aka yanke ba a kashe wuta ba, tana ta aika saƙo, ƙwaƙwalwa kuma har yanzu tana riƙe da taswirar ƙafar, sai ta fassara saƙon a matsayin zafin yatsa.

A bakinsa na fara jin sunan John Bonica, wani likitan allurar barci na Amurka, daga baya ɗana ya nemo mini tarihinsa a waya, kuma ina so ki karanta wa maigida. An haife shi a 1917 a wani ɗan tsibiri na Italiya mai suna Filicudi, iyayensa suka yi ƙaura zuwa Amurka yana yaro. Mahaifinsa ya rasu yana da shekara 15, ya yi shushaina, ya sayar da jarida don ya ciyar da gida. Da kokawa ya biya kuɗin karatun likita, yana ɓoye sunansa, wani lokaci har da rufe fuska, don kada makaranta ta gane. A 1944, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, yana da shekara 27, aka ba shi shugabancin sashen allurar barci a asibitin soja na Madigan, inda ake kwaso sojojin da suka ji rauni. A nan ya gamu da irinmu: samari da aka yanke wa gaɓa suna ihun zafin abin da babu, da waɗanda rauninsu ya warke amma ƙunar jijiya ta ƙi barinsu. Ya duba manyan littattafan likitanci ya tarar shafukan da suka yi maganar zafi ba su taka kara sun karya ba. Bai ce sojojin ƙarya suke yi ba. Sai ya fara tara likitan ƙashi da na jijiya da na ƙwaƙwalwa su zauna tare a kan majinyaci ɗaya. A 1953 ya fitar da littafi mai shafi kusan 1,500 a kan zafi kaɗai. A 1960 ya koma Jami'ar Washington da ke Seattle, inda ya kafa asibitin masu fama da zafi da ƙasashe da yawa suka kwaikwaya. A 1973 ya kira taron masana a wani gari mai suna Issaquah, daga nan aka haifi ƙungiyar duniya ta nazarin zafi, IASP.

Abin da ya fi taɓa ni, shi ma da ciwo ya rayu. Kokawar nan ta lalata masa gaɓoɓi, an yi masa tiyata a ƙugu ba sau ɗaya ba, da sanda ya ƙarasa rayuwarsa har ya rasu a 1994. Matarsa ma ta kusa mutuwa wurin haihuwar fari saboda maganin barcin da aka shaƙa mata, shi ya sa ya dage a kan allurar baya ta masu naƙuda. Mata da ke cikin wannan zaure da aka yi wa tiyatar haihuwa idonku biyu, kuna da rabo a wahalar mutumin nan. Ra'ayinsa shi ne zafin da ya daɗe ya zama cuta mai zaman kanta, a yi masa magani ko da hoto bai nuna komai ba. A nan gida ma akwai waɗanda suka ɗauki wannan tuta, irin su Farfesa Olaitan Soyannwo ta Ibadan, ita ma likitar allurar barci ce. Ilimin nan ya fi shekara 70 a rubuce, amma a ce har yau ana yi wa mai ciwo dariya.

Ku je asibitin koyarwa, Barau Dikko da ke Kaduna ko na Shika da ke kusa da Zariya, ku karɓi kati, ku ce a tura ku wurin likitan allurar barci ko na jijiya. Kada ku ce “ƙafa na ciwo” ku yi shiru, za a duba dungulmi a sallame ku. Ya faɗa ƙarara cewa yatsun da aka yanke ne ke masa zafi. Ki bi shi, don mu maza a gaban likita sai mu ce da sauƙi. Ki roƙi a lalubi dungulmin da kyau, wani lokaci bakin jijiyar yana dunƙulewa ya yi ƙulli, taɓa shi kaɗan sai mutum ya zabura, wannan ana iya yi masa allura a wurin ko a gyara.

Maganar tramol kuwa, don Allah kada ki yi masa gori, kada ki kira shi ɗan ƙwaya, wanda bai kwana da wannan abin ba bai san yadda dare ke tsawo ba. Amma ki gaya wa likita gaskiya, guda nawa yake sha a rana kuma mai lamba nawa. Mai 225 ɗin nan da ke yawo a gari ba a ma amince da shi ba, na asibiti 50 ne da 100, kuma idan ya yi yawa yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Kada kuma ki kwashe ki zubar dare ɗaya, jiki zai rikice, a hankali likita ke janye shi. Diklofenak da ibuprofen da ake ta ɗirka ba sa jin zafin jijiya sosai, sai dai su ci ciki da ƙoda. Ni amitriptyline aka ɗora ni a kai, ɗan kaɗan da dare. Asalinsa maganin damuwa ne, kada ya gani ya ce an mai da shi mahaukaci. Ba ya aiki rana ɗaya, sai an yi makonni, yana busar da baki, da farko kuma yana sa nauyin jiki da safe. Wasu gabapentin ake ba su. Ban faɗi sunayen nan don a je kemis ba, mai ciwon zuciya ba kowanne ya dace da shi ba.

Akwai kuma madubi. Masu gashin ƙashi na asibiti ne suka koya mini: ka zauna ka miƙe ƙafa, ka sa dogon madubi a tsakani yadda lafiyayyar za ta bayyana a gurbin wadda babu, ka riƙa motsa yatsu kana kallo. Ranar farko kuka na yi da na ga ƙafafuna biyu. Ba kowa yake yi wa aiki ba, amma ni ya sassauta mini murɗewar babban yatsan nan, kuma ba ya cin ko kwabo.

Addu'a kam kada a fasa, ni ma da ita na tsaya. Amma masu zuwa da hayaƙi da masu cewa a tono ƙafar a sake binne ta daidai, ki sallame su cikin mutunci. Surukata har kuɗin mota ta ba wani ya zo daga nesa. Kuɗin nan ku tara na ƙafar roba, don tun da na fara takawa da ita zafin ya ragu, na koma shago, na daina zaman tsakar gida ina jiran dare. Ban ce miki ya tafi gaba ɗaya ba, idan sanyi ya shigo ko raina ya ɓaci yana dawowa, amma ina barci.

Ki lura da shi da dare, musamman idan ya fara cewa ya zame muku kaya ko ya daina cin abinci. Wannan kada ki jira ranar da aka ba ku, ku koma asibiti a ranar. In ya yarda, ki yi wa shugaban zaure magana ya haɗa mu, zan zo har gida mu zauna da shi, in zo da madubin nawa ya gwada. Allah Ya ba shi lafiya, Ya saka miki da alheri.